Ranin Da Na Riƙe Mabuɗin Banki

Mutane suna ɗauka ma'aikacin banki ba ya tunanin barin aiki sai in hannunsa ya shiga inda bai kamata ba, ko kuwa ya hango inda albashi ya fi tsoka. Ni dai na yi aikin nan tun ina saurayi har furfura ta fito mini, kuma sau ɗaya na taɓa miƙewa da gaske zan ajiye shi. Ban taɓa kuɗin kowa ba, babu kuma wanda ya yi mini tayin wani aiki. Mabuɗi kawai aka ba ni, a Funtua, a wani rani da har yau in na tuna shi sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗu.

Ɗakin ajiyar kuɗi na bankinmu ƙofar ƙarfe gare shi, kuma ba ta buɗuwa sai da mabuɗi biyu. Ɗaya yana hannun manaja, wani dogon Bature mai yawan gumi da shan shayi. Na biyun yana hannun babban akawu. Mai riƙe da shi ba ya ba kowa aro, ba ya ajiye shi a gida ya fita, ba ya kwana a wajen gari. Ko ran Lahadi, in zai je wata unguwa a cikin Funtuar ma, sai ya bar sallahu wurin maigadi inda za a same shi. In kuwa yana son sauke mabuɗin, sai an turo wani mai muƙami irin nasa daga Zariya, a buɗe ɗakin a gabansu su uku, a bi komai dalla-dalla, sannan a sake shi ya tafi.

Da ba don abin da ya faru a ƙasar nan ba, da sai in shekara da shekaru ban taɓa mabuɗin nan ba. A tsakiyar shekarun sittin ne, lokacin da ƙasa ta rikice, abokan aikinmu 'yan kudu suka tattara nasu ya nasu suka koma garuruwansu. Ba na son jan wannan zance. Mutane ne da muke cin shinkafa da wake a kwano ɗaya da rana, aka wayi gari kujerunsu babu kowa. Mu da muka rage kowa ya ɗora aikin mutum biyu a kan nasa. Babban akawu yana cikin waɗanda suka tafi. Manaja ya duba gabas ya duba yamma, bai ga kowa ba sai ni. Ni kuwa, don ƙuruciya da rashin wayo, ranar har tsire na saya na kai gida. Matata ta ɗinka mini wani ɗan aljihu ta cikin wando, na ɗaure mabuɗin da igiyar fata, ina tafe ina taɓa shi ina jin kaina wani babba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Malumfashi, in ka sauka daga mota sai ka taka da ƙafa mai ɗan nisa. Iyayenmu sun karɓi bishara a hannun 'yan mishan, su kuma 'yan mishan suka roƙi kowane gida ya ba da ɗa ɗaya a sa a makaranta. A gidanmu ni aka ba da, ni ne ɗan fari. Ƙanena mai bi mini ya zauna ya riƙe garma tare da Baba.

Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san irin zaman da muka yi da Baba. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya duban fuskata in yana magana, ba ya yabona, ba ya tambayar lafiyata sai ta bakin wani. In yana son in kawo masa ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "Babu mai ba mutum ruwa a gidan nan?" Da na kama aiki sai na zama "na Funtua" a bakinsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kowa a gidan ya san buhun dawar da ya fi kyau Funtua yake zuwa kowace kaka, kuma buhu ba ya ɗaure kansa da kansa.

A wajenmu, in maigida ya ga ƙarfinsa ya fara ja da baya, akwai abin da yake yi, ana ce masa zagayen iyaka. Da rani ake yi, bayan an kwashe amfani, an sare kara, ƙasa ta fito fili. Zai kira maƙwabtan gona, Kirista da Musulmi, da mai unguwa, da Fulanin da suke sauka a gonar da shanunsu su ba ta taki. Sai ya sa ɗan da zai gaje shi a riƙon gandu a hannun damarsa, su bi gonakin gida da ƙafa, ta tudu da ta fadama. Yana tafe yana nunawa. Daga wannan tushen gamba zuwa wancan suri namu ne. Ɗorawar nan a cikin gonarmu take, amma ta gidan su wane ce, su ke da kalwarta. Tsamiyar can a gonar wane take, amma kakanka ya dasa, tamu ce. Maƙwabci ya ce haka ne, ko ya ce a'a, a tsaya a daidaita. Babu takarda, babu sa hannu. Wanda aka zaga da shi a idon jama'a shi ne uban gandu. Shi ake nema in rigima ta tashi, shi ke buɗe rumbu, shi ke aurar da 'ya'yan gida. Sau ɗaya uba yake yin wannan zagaye a rayuwarsa, ba ya sakewa.

Baba ya daɗe da isa yin nasa. Jinkirtawa yake ta yi, kowa kuma ya san don wa. Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani.

Gwaggona, ƙanwar Baba, tana kawo daddawa kasuwar Funtua, ta bakinta nake jin labarin gida. Ba ta shiga banki, wai ɗan sandan ƙofa yana kallonta kamar ta zo sata. Sai dai ta tsaya a bakin titi ta sa maigadi ya kira ni. Ran nan na fito, na durƙusa a gabanta da farin wandona, direbobi suna kallo.

"Bature," ta ce, don haka take tsokanata, "an ce in gaya wa na Funtua, in ya samu sarari kafin ruwa ya sauka, ana son a zaga gona."

"Shi ya faɗa da bakinsa, Gwaggo?"

"To da bakin wa zai faɗa? Rumbu yake kallo ya faɗa, amma ni kaɗai ce a wurin."

"Idon fa?"

"Da hantsi yana gane mutum. In rana ta take, sai ya ji murya. Wannan ranin dai zai ga gamba. Na baɗi ban ce ba."

Mutumin da bai taɓa aiko mini ba tunda aka haife ni, ko lokacin da Inna ta kwanta a asibitin Malumfashi, yau shi ne ya aiko. Na san Baba. Wannan 'yar maganar a wurinsa daidai take da ya hau kan rumbu ya yi ihu. Na ce wa Gwaggo ta ce ina nan tafe. Ta ba ni ƙullin daddawa, ta ce in kai wa matata, in kuma rage taƙama da takalmi.

Abin da na ƙi tunawa a bakin titin nan shi ne, lokacin da manomi yake hutawa, lokacin ne ma'aikacin banki a Funtua yake cin wuya. Da rani ake buɗe fuloti, wato kasuwannin auduga, daga Danja har Maska har bayan Malumfashi. Masu sayen auduga su ɗibi kuɗi da safe a akwatunan ƙarfe su nufi ƙauyuka, 'yan kasuwa su dawo mana da shi da yamma a cikin buhu da hula da tsumma, yana warin gumi da man gyaɗa. Ƙofar ƙarfen nan a buɗe a rufe, a buɗe a rufe, kowace buɗewa kuma sai an kira ni. Layi har bakin titi. Asabar wai rabin yini ce, amma ni ban taɓa ganin rabin nan ba. Babu mai tashi sai littattafai sun daidaita, in kuwa suka ƙi, kowa ya koma ya bi nasa daga farko. Yatsuna suka yi baƙi, idanuna suna yaji. In na koma gida matata tana mini magana ina gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Hutun shekara kuwa, doka ce, ba a ba kowa sai an rufe fuloti. Yawanci sai tsakiyar damina ake ce maka je ka huta, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo, babu mai zaga komai.

Duk da haka na samu manaja da safe kafin a buɗe ƙofa. Na ce, "Yallaɓai, ina neman izinin zuwa gida."

"Rasuwa aka yi?"

"A'a, Yallaɓai."

"Wani yana asibiti? In akwai takardar likita, yau zan aika Zariya."

"Babu. Mahaifina ne ya aiko."

"Me ya ce?"

Na gaya masa abin da Baba ya ce yadda ya faɗe shi, don a makarantar mishan ba a koya mana ƙara gishiri ba. Sai na ga ya saki jiki, har da ɗan murmushi. Ya ce, "To ai mahaifinka mutum ne mai hankali. Ya san kana da aiki. In an rufe fuloti kai zan fara saki."

Na tsaya ina juya Turancina, ina neman inda zan kama. Mutumin nan kowane mako yana rubuta wa ubansa wasiƙa, yana kiransa abin ƙaunarsa. Ta ina zan fara gaya masa nawa uban bango yake kallo in zai yi mini magana? Na fara bayanin gamba da ɗorawa. Ya saurara, don ba mugun mutum ba ne, shi ma idanunsa sun yi ja kamar nawa. Ya ce gona ba ta gudu. Ya ce zai nemi a turo mai karɓar mabuɗi. Kafin in ce masa ba gonar ce za ta gudu ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa, masu akwatunan ƙarfe sun iso, muka tashi tare.

Za ka ce me ya hana ni satar jiki ran Lahadi in je in dawo? Na auna wannan har na gaji da aunawa. Motar Malumfashi ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika sai ta ga dama. Zagayen kansa yini guda yake ci. Ga shi Baba dattijon majami'a ne, ran Lahadi ko fartanya ba ya ɗagawa, balle ya tara jama'a a gona. Abin da nake yi kawai, in an tashi daga sujada sai in bi ta tasha, in tsaya ina kallon motocin katako suna lodi, ina gaisawa da mutanen wajenmu. Kowa ya ce, "Malam Akawu, sai yaushe?" In ce, "Muna nan tafe." Tun 'yan kamasho suna rige-rigen ja na wurin motarsu, har suka gane ni ɗan kallo ne suka daina.

Zariya kuwa amsarsu ɗaya ce. Babu mutum. Kowane reshe a ƙasar nan haka yake, kujeru sun fi mutane yawa. A yi haƙuri.

A nan ne tunanin ajiye aikin ya shige ni, ya kuma ƙi fita. Ba ni kaɗai ba ne. A wannan ranin wani kashiyanmu ya koma koyarwa a firamare, ya ce ɗansa ya fara tafiya har ya fara gudu, shi bai ga ko ɗaya ba. Wani ya shiga soja. Wani ya tafi gidan gurzar auduga ya zama mai awo, albashin bai kai na nan ba, amma ya ce aƙalla in an yi mutuwa a unguwarsu yana zuwa ya zauna a tabarma. Ban ji wanda ya ce kuɗi ne ya yi masa kaɗan ba. Kowa ka tambaya, in ya gama kewaye-kewayensa, abu ɗaya yake faɗa, an mai da shi ba na kowa ba. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, duk sai dai ka aika da goro, kamar goro yana da bakin gaisuwa. Daga waje kuwa ana ganinka da farar riga da alƙalami a aljihu, ana cewa wane ya huta, yana zaune a inuwa ƙarƙashin fanka. In ka yi kuka a ce ƙoshi ne ya yi maka yawa. A ƙasarmu wanda ba a ganin ƙafarsa, a hankali ake daina sa shi cikin lissafi, ba da faɗa ba, ba da gaba ba.

Wata safiya na gaya wa matata. Tana da tsohon ciki lokacin, tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana dama koko.

"In ka ajiye, ka koma ka yi me?" ta ce. "Rabonka da garma tun kana firamare."

"In koya."

"Makarantar ƙannenka fa? Harajin gidan fa? Kwanon da ka ce za ka rufa wa Baba a ɗakinsa fa?"

"Baba ba kwano ya aiko a kai masa ba."

Ta yi ta damu, har kokon ya wuce yadda ake so. Can ta ce, "Ni dai inda ka sa ƙafa nan zan sa tawa. Na iya surfe, na iya sussuka, ba a Funtua aka haife ni ba. Amma in za ka yi, ka yi. Wannan juye-juyen da kake yi kullum ya ishe ni. Dubi yadda ka rame, wando yana neman faɗuwa." Na ji haushinta, don gaskiya ta faɗa. Na fita ban sha kokon ba.

Da Gwaggo ta sake zuwa, an riga an fara sharar gona, ana ƙona kara, da yamma kuma akan ga hadari yana leƙowa daga gabas. Ba ta ce mini Bature ba. Ta dube ni sama da ƙasa kawai.

"Akwai saƙo, Gwaggo?"

"Babu. Ai ya faɗa. Kana son ya faɗa sau biyu ne?" Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ya dai sa an wanke babbar rigarsa, tana rataye tun watan jiya. Mai unguwa ya aiko yana tambaya. Fulani kuma sun fara ɗaure kaya, sun ce da zarar ruwa ya taɓa ƙasa za su tashi."

"Ki ce masa..."

"Ni ba na ce masa komai. Na gaji da ɗauko magana daga wurin mai kallon rumbu in kawo wa mai kallon takarda. Ka zo da ƙafarka."

Washegari na shiga ofishin manaja ban ƙwanƙwasa ba. Ina da zuciya, na gaje ta wurin Inna, kuma ranar ta hau. Na kwance igiyar, na ajiye mabuɗin a kan teburinsa, kusa da kofin shayi. Na ce, "Yallaɓai, na bar aiki."

Bai taɓa shi ba. Ya ja kujerarsa baya kamar kunama na ajiye masa. Ya ce, "Ɗauke shi. Ba ni da ikon riƙe biyu ko na ƙiftawar ido. In aka same shi a teburina, ni da kai duka mun shiga uku." Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ko barin aikin zan yi, sai na ba da sanarwar wata guda, kuma sai mai karɓa ya zo an yi miƙa hannu. In na fita na bar mabuɗin nan haka, ba za a ce na yi murabus ba, za a ce na gudu ne. Dole ya sanar da Zariya, su kuma dole su sanar da 'yan sanda, su bi ni har ƙauyenmu a yi bincike.

Na hango motar 'yan sanda a ƙofar gidan Baba, ga mai unguwa, ga maƙwabta, ga Baba cikin babbar rigarsa. Na sa hannu na ɗauki abina na mayar cikin wando. Ashe barin aikin ma sai ka samu sarari. Manaja ya buga waya Zariya a gabana, ya yi ta faɗa har wuyansa ya yi ja. Suka ce an kusa. Na koma kan teburina, ban ƙara jin fushi ba, gajiya ce kawai ta rage.

Mai karɓa bai zo ba sai da aka rufe fuloti. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai tari, shi ma daga wani reshen aka fizgo shi. Ranar da ya iso, ruwan farko ya riga ya sauka a Funtua, gari yana ƙamshin ƙasa. Muka yini muna miƙa hannu. Na ce wa manaja in na dawo zan rubuta sanarwata. Ya ce in je in dawo tukuna.

Da safe na hau motar Malumfashi. Ina tafe ina jin wandona wani iri, babu nauyi a gefe ɗaya. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, maza suna sara da sungumi, mata suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ina ta gaya wa kaina ruwa ba ya sauka ko'ina rana ɗaya, ƙila wajenmu bai yi ba. Na kuma riga na shirya maganata. Zan zauna a bayan Baba, in gaya wa bangon da yake kallo cewa na Funtua ya dawo gida.

Ƙanena na fara gamuwa da shi, a kan hanyar shiga gari, da sungumi a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Ya ajiye sungumin ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya." Bai ɗago ya dube ni ba. Tun daga nan na sani.

"An yi?"

"An yi, Yaya. Makon jiya. Fulani za su tashi, hadari kuma ya haɗu." Yana magana yana tona ƙasa da yatsa. "Na ce a jira ka. Na ce ni ba zan tsaya a wurinka ba. Baba ya lalubo hannuna kawai ya riƙe."

"Ya ga iyakar?"

"Ta tudu ya gani. Kafin mu kai fadama rana ta take. Maƙwabta ne suke gaya masa, shi yana taɓawa da sanda."

Na ce masa an yi daidai, kuma da gaske na faɗa. Wa ya fi shi cancanta? Shi ya sha ranar gonar nan tun yana yaro. Na ɗago shi, na ɗauki sungumin na miƙa masa. Amma ɗan abin da ya rage mu kai gida sai da na ji kamar daga Funtua na tako.

A zaure aka yi mini shimfiɗa, da sabuwar tabarma. Ni da nake wucewa kai tsaye ɗakin Inna in buɗe tukunya. Aka kawo ruwa a kwano mai murfi. Na ji kukan kaza a cikin gida, na san tawa ce. Can aka riƙo hannun Baba aka kawo shi, ya zauna, ya juyo da fuskarsa sosai inda nake. Idanun sun yi fari fat.

"Malam, sannu da zuwa," ya ce. "Ya hanya? Ya aiki? Ya iyali, an sauka ko tukuna?"

Tun ina yaro nake so mutumin nan ya juyo ya dube ni ya tambaye ni lafiyata. Ga shi ya yi, na rasa inda zan sa kaina. Na amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi yadda auduga ta yi bana, ya tambayi lafiyar Baturena, ya ba ni labarin wani jakin maƙwabci da ya faɗa rijiya, har da dariya. Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Da fushi ne da na ji daɗi, don na san yadda ake ba uba haƙuri. Hira yake yi da ni a sake, irin wadda yake yi da malamin gona ko mai bishara in sun kawo ziyara.

Da na ga hirar za ta ƙare ban faɗi abin da ya kawo ni ba, sai na matsa kusa. Na ce, "Baba, na zo ne in ce zan ajiye aikin. Zan dawo gida."

"A'a," ya ce. "A kan me? Aiki mai kyau haka? Ka riƙe aikinka, Malam. Gida yana da mai riƙo. Nan an gama."

Aka kawo tuwo da kazar. Na ci abin da na iya, don kada Inna ta yi kuka. Ita ma tana bakin ƙofar zaure tana mini sannu, ba ta shigo ba.

Na kwana, da safe na yi shirin komawa. Aka haɗa mini tsaraba, ƙwan zabi da kuka da gyaɗa. Na durƙusa zan yi sallama, sai Baba ya ce a ba shi sandarsa. Ya miƙe, ya dafa kafaɗar ƙanena, ya ce zai taka mini. A gidanmu ba a raka ɗa. Ɗa yakan ce ya tafi, a ce sai ka dawo, ko ɗaga kai ba a yi. Na ce, "Baba, ka zauna, ƙasa da santsi." Ya ce ba komai.

Muka fita mu uku, a hankali, su biyu a gaba ni a baya da kaya. Hanyar ta bi ta gefen gonar tudu. An gama shuka ta, layi-layi, gwanin kyau. Muka wuce ta ba tsayawa. Da muka kai inda hanya ta rabu, ƙanena ya ce masa an iso. Ya tsaya, ya juyo, ya miƙo mini hannu.

"To, Malam, mun gode da ziyara. Allah ya kiyaye hanya. A gai da mutanen gida."

Na durƙusa a cikin laka, na kama hannun da hannu biyu. Na ce za su ji.